Na Bar Bulus a Bakin Ƙofar Ɗan Majalisa

Duk wanda ya tambaye ni yadda Maleshiya take, sai in ce masa ƙasa ce mai tsafta, in ja bakina in yi shiru. Yau dai na gaji da wannan amsar. Zan faɗi abin da ya same ni a Kuala Lumpur a shekarun korona, da abin da na aikata da bakina. Wanda ya ga dama ya zage ni, na riga shi.

Zangona na farko Danau Kota ne, unguwar dogayen benaye da ɗalibai suka cika. Ni malamin sakandare ne daga Funtua, na je ƙaro karatu da shekara talatin da huɗu a kaina. Ba na cikin yaran nan 'yan gata da iyayensu ke ɗauke da su, masu yawo da gajeren wando suna Turanci ta hanci. Dillalin da ya sama mini masauki, ɗan ƙasarmu ne kuwa, ya rantse mini a waya cewa ɗaki ne mai taga, ana hango gari gaba ɗaya. Da na iso sai na tarar falo ne aka raba da katako gida uku, tagar kuma tana ɓangaren wani. Na kira shi rai a ɓace, ya ce, "Haba Malam, karatu ka zo ko kallo?" Daga ranar lambarsa ba ta sake shiga ba.

Mai tagar shi ne Bulus. Mutumin Pankshin ne, injiniyan ruwa, ya ba ni shekara goma ko fiye, yana fama da karatu yana fama da ciwon suga. Ba shi da yawan magana, amma in ya buɗe baki ba ya kewaye-kewaye. Kwanana biyu ya leƙo ya gan ni ina salla a lungun da ko sujada ba ta yiwuwa sai na lanƙwashe. Ya jira na sallame, ya ce, "Malam, wannan ai horo ne. Zo nan ka riƙa yi." Ya janye katifarsa ya jingine ta da bango. Tun daga nan nake ce masa Yaya Bulus, shi kuma Malam yake ce mini har muka rabu.

A tagar Bulus nake tsayawa duk Juma'a in kira Inna ta bidiyo. In juya wayar ta ga gari daga hawa na goma sha takwas, ta yi ta salati, ta aika a kira maƙwabta su zo su gani. Ban taɓa juya wayar ta ga katakon ba. Kafin wata uku duk unguwarmu ta san Sagiru yana can sama yana kwana kusa da gajimare. Ni kuwa in na kashe wayar sai in zauna kewar gida ta kama ni, in tuna tuwon dawa da miyar kuka, in dubi shinkafar da suke dafawa da ruwan kwakwa, wadda har na bar ƙasar cikina bai yarda da ita ba.

Sai cuta ta zo, aka kulle gari. Mutane suna mutuwa a duniya, amma kwamitin masu gidajen benenmu abin da ya fi damunsu shi ne fuskokinmu a cikin lif. Suka yi taronsu ta waya, kowa yana kwance a ɗakinsa, suka yanke cewa daga yanzu ba a ba ɗan Afirka haya, waɗanda ke ciki kuma su tattara. Ba mu ƙi biyan haya ba, ba mu yi faɗa da kowa ba, ko kiɗa ba ma sawa. Aka rataya ƙyalle a bakin get da manyan haruffa, don kada wani ya ce bai gani ba. Mai gidanmu ya zo da takunkumi biyu a fuska, ya tsaya nesa da ƙofa yana ta "Sori lah, sori lah," ya ba mu sati biyu. Mutumin banza ne mai ladabi, irin waɗanda za su kore ka suna sunkuyar da kai.

Sati biyun ma ba su bari ya cika ba. A kwana na tara katin da muke hawa lif da shi ya daina aiki. Da idona na ga Bulus ya hau bene goma sha takwas da kumburarriyar ƙafa, yana zama a kowane hawa uku yana haki. Mai gadi yana kallo, yana danna waya.

Yaran masu hali iyayensu suka kama musu wani wuri, wasu suka bi jirgi suka koma gida. Mu kuwa muka shiga neman ɗaki ta waya. Duk tallan da ka buɗe, a ƙasansa an rubuta irin mutanen da ake so, an kuma rubuta ban da 'yan Afirka, kai tsaye, ba kunya. Wanda bai rubuta ba, ka kira shi ya yi ta ce maka "Boleh, boleh," wato babu matsala, har sai ya tambayi ƙasarka. Da ka faɗa sai ɗakin ya zama ɗan'uwansa ya riga ya kama.

Muna da ƙungiya fa. Ƙungiyar 'yan ƙasarmu mazauna wannan yanki, mai shugaba da sakatare da ma'aji da hula iri ɗaya. Shugaban ana ce masa Dakta Bashari, ko da yake shekara tara yana digirin bai gama ba, shi ya ba kansa daktan tun a shekara ta biyu. Mutum ne mai tumbi da ƙamshin turare, wanda ko gaisuwar mutuwa ya je sai ya ɗauki hoto. Na kira shi na faɗa masa an kore mu. Ya ja dogon numfashi ya ce, "Subhanallahi! Wannan babban al'amari ne, Sagiru. Za mu kafa kwamiti." Har yau ina jiran zaman farko na kwamitin nan.

Zango na biyu unguwar Masjid India ce, ta 'yan kasuwar yadi, kuma ba ɗan ƙasarmu ne ya kai mu can ba. Kafin cutar nakan sayi hijabai da yadi a wurin wani dattijo Ba'indiye Musulmi, Haji Kadir, in aika wa 'yan kasuwa a Kano. Da ya ji labari bai yi dogon jawabi ba. Ya buɗe mana siton da ke saman shagonsa, ya nuna mana wuri tsakanin bandir-bandir na yadi, ya ce kada mu kunna wuta, kada mu leƙa taga. Nan muka shimfiɗa kwali. Wurin ba iska, warin sabon yadi yana shiga har maƙogwaro, wanka kuma a famfon bayan shago kafin mutane su fito.

Kullum da azahar Haji zai hawo da ƙyar, da ƙunshin abinci biyu a leda, irin wanda suke ce wa tapau, ya ajiye ya ce, "Makan, makan," wato ku ci. Da ya gane ciwon Bulus sai ya rage masa shinkafa ya ƙara kifi da ganye, shayinsa kuma ba suga ba madara. Ban taɓa jin ya tambayi Bulus addininsa ba. Inna kuwa na daina kiranta ta bidiyo. Na ce mata sabis ne ya lalace saboda kowa yana gida, ta ce Allah ya gyara.

Wata biyar muka yi a nan. Kasuwa ta mutu murus, ba mai sayen ko ɗankwali. Wata rana Haji ya hawo ya zauna a kan bandir, ya faɗa mana zai mayar wa mai ginin sitonsa a ƙarshen wata, shi ma ƙauyen matarsa zai koma. Saura kwana goma sha biyu. A lokacin ƙafar Bulus ta fara wani ƙaramin gyambo a ƙarƙashin babban yatsa, ba ta shiga takalmi.

Haji ne ya haɗa mu da Kak Aida. Kak a bakinsu kamar Yaya ne a namu. Lauya ce, 'yar ƙarama, da lulluɓinta da ƙaramin babur, tana raba abinci ga masu kwana a barandar shaguna a titin Tuanku Abdul Rahman. Ta hawo siton ta dube mu ta dubi kwalin, ba ta ce wayyo ba, ta fito da wani ƙaton fayil. Ta yi mana bayani da Turancinta mai sauri: gwamnatin tarayya tana shirya dokar haya, ita da abokan aikinta suna bin 'yan majalisa ofis-ofis suna kamun ƙafa, layi ɗaya tak suke so a sa a ciki, cewa ba a korar mutum ko a hana shi gida don launin fatarsa ko ƙasarsa. Fayil ɗin cike yake da hotunan tallace-tallacen nan da suka hana mu ɗaki.

"Duk ofishin da na shiga," in ji ta, "amsa ɗaya ce. Su ce ai 'yan Afirkan ba su yi ƙorafi ba, ke ce kike ƙorafi a madadinsu. Baki nake nema, ba takarda ba."

Ta ce akwai wani ɗan majalisa da ke cikin masu duba dokar, ya yarda zai ba ta minti goma sha biyar ran Talata. Ta ƙara da abin da ya sa ni da Bulus muka gyara zama: akwai gidan wucin gadi da ake ajiye waɗanda suka rasa matsuguni, 'yan ƙasa kawai ake ɗauka, amma in mutumin nan ya rubuta wasiƙa za a ba mu ɗaki, akwai ma nas da ke zuwa duba marasa lafiya. "Sai dai fa ya ji daga bakinku. Ku faɗa masa inda kuke kwana, shi ke nan aikinku."

Bulus ya ce, "Wannan ai ba wuya. In ya so ma in cire masa bandejin ya gani."

Nan ne na tafka wautar da har gobe nake jin kunyarta. Ni an raine ni a kan cewa ƙaramin mutum ba ya faɗawa gaban babba haka kawai, sai wani babba ya yi masa jagora, ya gabatar da shi, ya yi magana a madadinsa. Haka ake yi a wurin mai unguwa, haka ake yi a wurin ciyaman, haka ake neman aure. Na ga kamar rashin tarbiyya ne mu je gaban ɗan majalisar wata ƙasa shugabanmu bai sani ba. Na ce wa Bulus zan sanar da Dakta.

Ya dube ni ya ce, "Malam, wata biyar muna kan kwali, ya taɓa zuwa?"

"Bai zo ba, amma ai shugaba ne. Gobe kada a ce mun tsallake shi."

"To, kai ka sani."

Na kira. Mutumin da in na kira shi sai wayar ta gaji da ƙara, da ya ji kalmar ɗan majalisa har da tambayata wane launin kaya ya kamata a sa.

Ran Talata muka haɗu a ƙasan ofishin, wani bene a saman jerin shaguna. Ni da rigata guda mai dama-dama, Bulus da silifas ɗin wanka don shi kaɗai ƙafar ke karɓa. Sai ga Dakta ya fito daga tasi. Tabɗi! Babbar riga ta shadda ruwan toka ta sha aiki, hula zanna, takunkumin ma an ɗinka shi da ragowar shaddar. Ya rungumo wani allo na katako mai ƙyalli, lambar yabo wai, da sunan ɗan majalisar a jiki, mutumin da bai taɓa gani ba. Kak Aida ta dube shi ta dube ni. Na ce mata shugabanmu ne, ya zo ƙara mana ƙarfi. Ta juya ta hau bene, muka bi ta.

A bakin ƙofa sakatariya ta auna mana zafin jiki, sannan ta ɗaga yatsu uku. Dokar tazara, mutum uku kawai ke shiga. Mu kuwa huɗu ne.

Kak Aida ta ce nan take, "Ni da waɗannan biyun." Ta nuna ni ta nuna Bulus.

Dakta ya yi wata 'yar dariya, ya ja ni gefe, ya koma Hausa. "Sagiru, kai ma ka san ba a haka. Shugaba yana tsaye a waje, mabiya suna ciki? Me mutumin zai ɗauke mu? Sannan don Allah dubi ƙafar bawan Allahn nan. Da silifas za a shiga gaban mai girma? Ƙasa guda fa muke wakilta."

Bulus yana jin Hausa fiye da shi, yana kuma tsaye taku biyu daga wurin. Ni yake kallo. Da na buɗe baki na ce Dakta ya jira, da magana ta ƙare, don Kak Aida tana bayana. Na dubi shaddar nan, na dubi silifas, na ji kaina ina cewa, "Yaya Bulus, ka zauna ka huta da ƙafar. Ni zan faɗa masa komai."

"Za ka faɗa?"

"Wallahi zan faɗa."

Ya gyaɗa kai, ya nemi matakalar bene ya zauna.

Ɗan majalisar, Waibi suke ce masa, wato mai girma. Gajere ne mai ƙiba, yana bayan wani faffaɗan tebur da gilashi a tsakaninmu, idonsa rabi a kanmu rabi a kan agogo. Kafin mu gama zama Dakta ya fito da wayarsa, ya jingine ta da kwalbar ruwa, ya saita ta tana kallonmu. Ya raɗa mini cewa kai tsaye ne a Fesbuk, don mutanenmu su ga ƙungiya tana aiki.

Sannan ya miƙe ya fara. Ya gai da Waibi, ya gai da iyalinsa, ya gai da mazaɓarsa. Ya gode wa gwamnati, ya gode wa jama'ar ƙasa bisa karamcinsu ga baƙi. Karamci! Ya shiga tarihin zumuncin ƙasashen biyu, har da labarin nan da kowane ɗan Najeriya ke ɗauke da shi a aljihu, wai daga wurinmu suka samo irin kwakwar manja. Waibi ya yi murmushin wanda ya ji wannan sau ɗari. Ina kallon agogon bango, minti biyar, minti takwas, minti goma sha ɗaya. Dakta yana gyara hannun riga yana juyawa wajen wayar duk bayan jimla biyu. Kak Aida ta danne fayil ɗinta da hannu biyu har yatsunta suka yi fari.

Da ya ɗauko allon zai fara karanta abin da ke jiki, sai ta katse shi. "Waibi, a gafarce ni. Wannan mutumin an kore shi daga gida a tsakiyar kulle saboda fatarsa. Akwai wani a waje, mara lafiya. Ka tambaye shi da kanka."

Gaskiya zan faɗa, mutumin ya ajiye alƙalaminsa ya juyo ya dube ni sosai. Ya ce, "Haka ne? Yanzu a ina kake kwana?"

Amsar tana bakina. A sito, a kan kwali, saura kwana biyar a rufe. Jimla ɗaya ce, yaro ma zai iya. Sai idona ya faɗa kan wayar. Sunaye suna ta hawa a ƙasan hoton, mutane suna rubutu. Na hango sunan Habibu, ɗan maƙwabcinmu a Funtua, ya rubuta, "Malam Sagir ikon Allah, unguwa tana alfahari da kai." Na san Habibu. In yana kallo, to rabin layinmu na kallo, kuma kafin a jima zai kai wa Inna wayar har ɗaki. Na tuna matan da ta tara suka ga gari daga sama. Dakta kuma ya sa ƙafarsa ya taka tawa a ƙarƙashin tebur, ya ce ƙasa-ƙasa, "Zuwan farko ba a roƙo. Rufa mana asiri."

Na ji bakina ya buɗe. Na ce, "Alhamdulillahi, ranka ya daɗe, muna nan lafiya. 'Yan ƙananan matsaloli ne, irin na ko'ina."

Wallahi haka na ce. Irin amsar da muke ba wanda ya zo dubiya muna kwance rai a hannun Allah, ita na ɗauko na miƙa wa mutumin da ya tambaye ni don ya rubuta. Shi bai san cewa a wurinmu ana faɗin haka ne don a sake tambaya ba, kuma ba aikinsa ba ne ya sani. Ya juya wajen Kak Aida ya buɗe hannuwa ya ce, "To kin ji." Ya ɗauki alƙalaminsa, fuskarsa ta saki, ka ga wanda aka sauke wa kaya. Sauran minti ukun a ɗaukar hoto suka tafi. Dakta ya sa aka sake har sau huɗu don allon bai fito sosai ba. Ina cikin hoton, a gefen hagu, ana ganin idona yana murmushi a saman takunkumi.

Muka fito. Bulus yana nan kan matakala, ya miƙe ƙafar, wayarsa a hannu. Na fara haɗa abin da zan ce, sai ya juyo mini da fuskar wayar. Shafin Dakta ne.

"Na gani, Malam," ya ce. "Hoton ya fita."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi.

Kak Aida ba ta ɗaga murya ba. Ta ce mini, "Wata huɗu ina bin minti goma sha biyar ɗin nan. Yanzu duk ofishin da na shiga za su ce ga bidiyo." Ta koma wurin sakatariya ta roƙa a ba Bulus ko minti biyu. Sakatariyar ta ce Waibi ya riga ya gana da wakilan 'yan Afirka, kuma sun nuna gamsuwa. Ta sake gwadawa washegari, da jibi, amsar ba ta canza ba. Dokar kuwa, har na bar ƙasar ban ji ta fito ba, balle layin da take nema.

Dakta shi kam ranar salla ce a wurinsa. Ya ja ni shagon mamak, irin wuraren shan shayin Indiyawa, ya saya mini shayi mai kumfa, yana ta nuna mini yawan waɗanda suka kalla. "Ka burge ni, Sagiru. Ka nuna kai ɗan babban gida ne. Da wancan ne ya shiga, da ya zubar mana da mutunci a idon duniya." Ya kurɓi shayi ya ce akwai wuri a falonsa, in zo in zauna kafin abubuwa su daidaita. Na ce Bulus fa? Ya ɓata fuska. "Ka san akwai iyali. Wuri ɗaya ne. Shi ai yana da mutanensa."

Na raina mutumin nan tun ranar da na fara ganinsa, na raina shi a wannan teburin fiye da kullum, na kuma ce masa na gode, yaushe zan kawo kayana.

Ranar da Haji ya rufe sito, ya ba kowannenmu yadi biyar na farin ƙyalle, idonsa ya yi ja, yana ta ba mu haƙuri kamar shi ya yi mana laifi. Muka sauko da jakunkuna. Rana tsaka, titi ba kowa. Bulus ya tambaye ni ina na nufa. Na ce wurin wani aboki zan ɗan raɓa, ban san ko zai yiwu ba. Ya ce, "Ka gai da Dakta." Ya saɓa jakarsa ya nufi wajen barandun da Kak Aida ke raba abinci, yana jan ƙafar a hankali. Na tsaya har ya sha kwana, sannan na tafi tashar jirgin ƙasa.

Sati uku ya yi a baranda. Damina ce, ruwa kullum da yamma. Kak Aida ce ta lura gyambon ya yi baƙi ta kai shi asibiti, mutanen cocinsu suka tsaya masa. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa, daga baya aka sa shi a jirgi ya koma gida ba digiri. Ban je duba shi ba. Na ce wa kaina dokar cuta ta hana shiga asibiti, kuma gaskiya ne ta hana, amma waya ba a hana ba.

Wannan duk daga baya ne. Abin da ya faru a kwanana na biyu a gidan Dakta shi ne, ina zaune a kan katifar da aka jefa mini a bayan kujera, ya ce in ɗago. Kafin in gane ya ɗauka. Da la'asar sai ga shi a shafinsa, fuskata ɓaro-ɓaro ba takunkumi, jakata a gefe, da dogon rubutu a sama: yadda Allah ya ba shi ikon tsamo wani ɗan'uwa, Malam Sagir na Funtua, wanda aka kora daga gida ya yi wata biyar yana kwana a kan kwali a siton wani Ba'indiye. Yana neman addu'ar jama'a, Allah ya karɓa masa.

Ko awa ɗaya ba a yi ba wayata ta yi ƙara. Inna ce, da wayar Habibu. Na fita baranda na ɗauka, ina jiran kuka ko faɗa.

"Sagiru," ta ce, "ashe abin da kake ciki ke nan?"

Kafin in amsa ta ci gaba.

"To mene ne abin ɓoyewa? Sata ka yi? Babanka ma ya kwana a tasha a Legas wata nawa, duk garin nan an sani, wa ya fasa gaishe shi? Da ka faɗa ai da addu'ar da nake yi ta san inda za ta nufa."

Na ce, "Ki yi haƙuri, Inna."

"Allah ya saka wa Ba'indiyen nan. Allah ya saka wa wannan da ya ɗauke ka." Ta ɗan tsaya, ina jin kaji a tsakar gida. "Wannan ɗan'uwan naka fa, Bulus, da yake ce mini Mama in kun kira? Shi ma an sama masa wuri?"

Hadari ya haɗo ta wajen tsakiyar gari, an fara yayyafi. Na san daidai barandar da yake, na san ba ta tare ruwa in iska ta juyo.

Na ce mata, "An sama masa, Inna."

Ta ce, "Alhamdulillahi. Ka riƙe shi da kyau, mutumin kirki ne."